Goge kan injin moto don ƙara ƙarfi: riba ko asara?

Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun hatsi a moto daga Matankari ko ƙauyukan Tibiri zuwa Dogon Dutsi ya san yadda rairayi ke cinye ƙarfin inji. Shi ya sa wasu 'yan kabu-kabu ke kai motonsu wurin makanike a goge musu kan inji, wanda ake kira kulas, don a ƙara matsi. Me wannan aiki yake yi, kuma ina haɗarinsa?

A cikin silinda, fistan yana matse iska da mai a ɗan ƙaramin fili kafin buji ya ba da wuta. A yawancin ƙananan motoci masu 110 zuwa 125 cc, ana matse kashi 9 ne su koma kashi 1. In aka goge kulas ko aka sa juwan mai siranta, filin ya ƙara ƙanƙancewa, matsi ya hau. A injin 125, goge rabin milimita kaɗai na iya kai matsin daga 9 zuwa kusan 9.7. Ribar fa? Daga 9 zuwa 10, ƙarfin da ake samu bai wuce wajen kashi 3 cikin 100 ba.

Matsalar tana wurin mai da zafi. Matsi mai yawa yana bukatar mai mai inganci. In ba haka ba, sauran man da ke cikin silinda ya kama da kansa kafin wutar buji ta iso gare shi, sai a ji inji yana ƙararrawa kamar ana kaɗa ƙusa cikin gwangwani, musamman a hawa ko da kaya. Wannan bugu ne ke cin zoben fistan, wani lokaci har ya huda fistan ɗin kansa. Ga shi masu moto da yawa man kwalba suke sha a bakin hanya, wanda ba a san ingancinsa ba. Injin kuma iska ce ke sanyaya shi, alhali a watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. In gugar ta yi yawa, sarƙar cikin inji takan saki, supap ma na iya karo da fistan. Ƙarfen da aka goge kuwa ba ya dawowa, sai dai a sayi sabon kulas.

Sau da yawa moton da ya rasa ƙarfi ba ƙarin matsi yake bukata ba, nasa na asali ne ya zube. Kafin a taɓa kulas, a duba matatar iska da ƙura ke toshewa, a daidaita supap, a canza zoben da ya cinye, a riƙa juye bakin mai a kan lokaci. Ga wanda moto ne abincin gidansa, kwana uku a gareji ya fi kashi 3 cikin 100 tsada.