Tafiya da Ƙananan Yara Daga Ribah a Lokacin Bazara

Bazara, wato daga watan Maris zuwa Mayu, ita ce lokacin da iyalai da yawa a Ribah, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, suke samun sararin yin doguwar tafiya tare da 'ya'yansu. Hatsi ya shiga rumbu, aikin damina bai kankama ba, makarantu kuma sukan ba da hutun zango na biyu a wajen watan Afrilu. A 'yan shekarun nan bukukuwan addini ma sun faɗo cikin wannan lokaci: a 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, aka yi Ista ranar 20 ga Afrilu. Da yake a ƙasar Zuru ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista a dangi guda, bukukuwan biyu duk suna tayar da mutane zuwa zumunci.

Tafiyar ta kasu gida biyu. Akwai masu fita daga Ribah zuwa wajen dangi a birane, akwai kuma masu dawowa gida. Ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba da 'ya'yanta aikin soja tun zamanin Turawa, saboda haka yara da yawa an haife su ne a barikokin Kaduna ko Legas ko Jos, kuma sai a irin wannan hutu ake kawo su ganin kakanni. Mafi yawan doguwar tafiya ta garin Zuru take bi. Daga can mai zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato yakan bi ta Dabai da Mahuta ya ɓulla Koko, ya hau babban titin da ya nufi Jega. Mai zuwa Minna ko Abuja kuwa sai ya yi kudu ta Rijau zuwa Kontagora a Jihar Neja.

Iyalai kaɗan ne ke da motar kansu, sauran a tasha suke shiga ta haya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, direbobi kuma suna cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya. Yaron da aka ɗora a cinya ba a biya masa, shi ya sa ake ganin uwa ɗaya da goyo a ƙirji da wani a kan gwiwa na tsawon sa'o'i. Wannan arahar tana da tsada. Idan direba ya taka burki da ƙarfi, hannun uwa ba zai iya riƙe yaro ba, wanda ke gaba kuma gilashi zai doka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba. Magidancin da ke da hali, gara ya rage tsaraba ya biya kuɗin kujera guda ta ƙari a baya.

Sai batun lokacin tashi, wanda a wannan yanki ya fi komai wuyar yankewa. A da matafiyin bazara da asubar fari yake kama hanya don ya riga rana. Yanzu matsalar 'yan bindiga ta canja lissafi, domin Danko/Wasagu ta yi iyaka da Zamfara da Neja, kuma ƙauyukanta sun sha hare-hare da satar mutane. Abin da masu hankali ke yi shi ne su jira gari ya waye sarai, motoci su fara kai da kawo, sannan su tashi, su kuma tsara tafiyar yadda magariba ba za ta riske su a daji ba. Direbobin tasha da 'yan kamasho sun fi kowa sanin halin da hanya ta kwana, don haka tambayarsu tun daren jajibirin tafiya da kuma safiyar ranar ba ɓata lokaci ba ce. In tafiyar ta fi ƙarfin yini guda, a raba ta biyu a kwana a wajen dangi.

Jinkirin tashi kuwa yana nufin rana za ta tarar da iyali a hanya, kuma zafin Afrilu a Kebbi yakan kai maki 40 a ma'aunin Salsiyos. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi da saurin rasa ruwa, ga shi ba kullum yake iya cewa yana jin ƙishirwa ba. Alamun da uwa za ta lura da su su ne bushewar baki, da raguwar fitsari, da faɗawar ido, da kuka ba hawaye, da lotsawar maɗigar jariri. Ba a jira yaro ya roƙi ruwa, ana ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ita ta sha ruwa sosai. Ya kamata jakar tafiya ta ƙunshi ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu shi, ana haɗawa da lita 1 ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Haka nan kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko da sallah za a tsaya yi ko sayen mangwaro, domin cikin minti 10 zafin cikinta yakan ƙaru da kusan maki 10.

Bazara kuma lokacin sanƙarau da ƙyanda ne, kuma cunkoson mota da na ɗakin baƙi yana taimaka musu yaɗuwa. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar cutar da ake zargin sanƙarau ce a Gwandu da Aliero da Jega. Duba katin rigakafin yaro kafin tafiya aikin minti kaɗan ne. Zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya kuwa, asibiti mafi kusa ake nufa da shi nan take.

Abincin hanya ba ya bukatar dogon bayani. Guzurin gida mai sauƙi ya fi na bakin titi aminci, fura da nono da kunun zaƙi kuma suna saurin lalacewa a zafi. Yaron da mota ke sa wa amai, a zaunar da shi kusa da taga, kada a cika masa ciki kafin tashi.

Duk da wannan ɗawainiya, tafiyar ta cancanci a yi ta. Yaron bariki da ya tashi da Hausa da Turanci, a nan yake jin kakarsa tana magana da C'lela, harshen Dakarkari, ya koyi durƙusawa ya gaida manya, ya san wane ne kawu, wace ce gwaggo. Ta taga yana ganin duwatsun ƙasar Zuru, da rumbuna, da gonakin da aka fara sharewa, a garin Zuru kuma ana iya kai shi ganin kadojin Girmache. Sai dai a sa ranar dawowa da wuri: ruwan farko yakan sauka a wannan yanki tun cikin watan Mayu, kuma da zarar ya zauna, hanyoyin ƙasa da suka haɗa Ribah da ƙauyukanta sukan gagari ƙananan motoci.