Isnadin Jinkiri a Manhajar Gida

A farkon watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta katse layukan waya da intanet a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, har Gusau ta yi kusan wata guda babu sadarwa, Tsafe da Bunguɗu kuwa suka fi haka daɗewa, ya bayyana ga duk mai basira cewa akwai hikima makaranta ko asibiti su ajiye manhajarsu, irin su Moodle ko OpenMRS, a kan kwamfutar da ke cikin harabarsu. Sai dai wanda ya zaɓi wannan tafarki ya ɗauki amana, domin ranar da shafi ya yi nawa, babu wani kamfanin ƙetare da zai kai wa ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar yanke hukunci. Da zarar shafi ya ƙi buɗewa sai a ce laifin sabis ne, alhali kuwa zato ba hujja ba ne. Malaman hadisi ba su cika raunana ruwaya a dunƙule ba, sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun gano wanda illar take gare shi. Haka ya wajaba a bi buƙatar da mai aiki ya aika, daga burauzarsa zuwa sabar, wato kwamfutar da manhajar take ciki, daga sabar zuwa manhaja, daga manhaja zuwa rumbun bayanai, ana rubuta lokacin da kowane zango ya ci.

Galibi a zangon ƙarshe cutar take. Manhaja tana son jera sunayen ɗalibai 300, maimakon ta tambayi rumbu sau ɗaya, sai ta tambaye shi sau 301, ko kuma ta sa shi karance tebur gaba ɗaya saboda ba a yi masa fihirisa ba. Rumbun bayanai na MySQL yana da kundin da yake rubuta tambayoyi masu nawa, amma a rufe yake zuwa, kuma ma'auninsa na asali daƙiƙa 10 ne, wanda ya yi yawa ƙwarai. Ya kamata a buɗe shi, a rage zuwa daƙiƙa guda ko ƙasa. Manhajar da aka rubuta da PHP kuwa, wani kayan aiki mai suna Xdebug yana fayyace inda lokacinta ya tafi.

Kuma kada a yi awon da dare, sa'ad da babu kowa. A yi shi ranar rajista, jama'a sun yi cincirindo, a dubi buƙatun da suka fi daɗewa, tun kafin a kashe kuɗin al'umma wajen sayen sabuwar na'ura.