Ƙuri'ar Musulmi a Amurka Idan Ɗan Takarar Majalisar Jiha Ya Sauya Jinsi

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka kuma ina da 'yancin zaɓe. Cikin masu neman kujerar majalisar dokokin jiharmu akwai wanda ya sauya jinsi. Shin ya halatta in ba shi ƙuri'ata?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa mai karatu, bari mu fara da sanin kujerar da ake magana a kanta, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Amurka tana da jihohi 50, kowace da majalisarta, kuma a can ake yin mafi yawan dokokin da suka shafi makarantar ɗanka, asibiti, hanyoyi da kasafin kuɗin jiha. Rigimar ba yara magungunan sauya jinsi ma a waɗannan majalisu ake yin ta. Jihar Arkansas ce ta fara haramta hakan a 2021, kuma a watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin wannan doka ta jihar Tennessee.

Zan kira kowa da sunan da ke kan takardar zaɓensa, don labari nake ba ka. A 2017 Danica Roem, tsohuwar 'yar jarida da ta bayyana a fili cewa ta sauya jinsi, ta kayar da Bob Marshall a zaɓen majalisar wakilan Virginia, bayan ya shafe shekara 26 a kujerar. Abin lura shi ne, kan cunkoson motoci a titin Route 28 ta gina yawancin yaƙin neman zaɓenta. A 2020 Sarah McBride ta shiga majalisar dattawan Delaware, a 2024 kuma ta wuce majalisar wakilai ta tarayya. A Montana, an hana Zooey Zephyr shiga zauren majalisa a Afrilun 2023 saboda zafin kalamanta kan dokar hana yara wannan magani. To ka ga ɗan takara ɗaya yana iya zuwa maka da batun titi, wani kuma da batun da ya taɓa aƙidarka kai tsaye.

Game da sauya jinsin kansa, malamanmu sun bambance abu biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai khunsa, wato mata-maza, wanda aka halitta da alamomin jinsi biyu. Wannan halitta ce, ba laifinsa ba, kuma ya halatta a yi masa aiki don a fito da abin da ya rinjaya. Amma wanda gaɓoɓinsa suka cika a jinsi ɗaya, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zartar a 1989 cewa bai halatta a mayar da shi ɗaya jinsin ba. A kan wannan nake. Sai dai hukuncin aikin daban yake da haƙƙin mutumin. Jininsa, dukiyarsa da mutuncinsa ba su halatta gare ka ba, kuma zagi da izgili a Facebook ba wa'azi ba ne. Da yawansu suna cikin ƙuncin rai mai tsanani, wanda Allah Ya kuɓutar da shi daga jarrabawa godiya ta kamace shi.

Ita kuwa ƙuri'a wata mas'ala ce ta dabam. Wannan majalisa ta Makka ta bayyana a 2007 cewa shigar Musulmi zaɓe a ƙasar da ba ta Musulmi ba yana cikin al'amuran siyasar shari'a, waɗanda ake auna maslaha da ɓarna a cikinsu, kuma fatawa tana canzawa da canjin wuri da lokaci. Ka lura, a can kusan duk wanda za ka zaɓa ba a kan addininka yake ba, ko kuma yana halatta wani abin da shari'a ta hana, kamar riba ko giya. Da a ce ƙuri'a shaida ce ta yarda da rayuwar mutum dukkanta, da babu wanda za ka iya zaɓa. Wakilci kake ba shi a kan dokoki, don haka dokokin da zai goyi baya su za ka bincika.

Sai ka nemi amsar waɗannan kafin ranar zaɓe. Me yake cewa game da haƙƙin iyaye na cire 'ya'yansu daga darasin da ya saɓa wa addininsu? Wannan ba ƙaramin batu ba ne, domin iyaye Musulmi da Kiristoci a Maryland sai da suka kai shi Kotun Ƙoli, suka yi nasara a 2025. Sannan ka juya ga abokin hamayyarsa, kada kyamar ɗaya ta rufe maka ido daga ɗayan. Shin yana cikin masu adawa da gina masallatai ko masu zuga mutane a kan Musulmi? An ga irin haka a Oklahoma a 2010, inda aka yi gyaran tsarin mulkin jiha don hana kotuna duba shari'ar Musulunci, har sai da kotun tarayya ta soke shi.

Idan ka auna ka ga wanda ya sauya jinsin ne mafi ƙarancin cutarwa ga addininka da iyalinka, ba na ganin zunubi a kanka in ka zaɓe shi da wannan niyya, matuƙar zuciyarka ba ta halatta abin da Allah Ya haramta ba. In ka ga shi ne zai tura dokar da za ta shiga tsakaninka da tarbiyyar 'ya'yanka, kada ka ba shi. In kuma suka yi maka daidai wajen ɓarna, kana iya tsallake wannan gurbi ka cike sauran, takardarka ba ta lalace ba.

Amma kada ka ce ƙuri'arka ɗaya ba ta komai. A wancan zaɓe na Virginia na 2017, 'yan takara biyu a wata mazaɓa sun yi kunnen doki, sai da aka zaro suna daga cikin kwano, kuma da wannan kujera aka san jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar. Ka kuma tuntuɓi limamin masallacin unguwarku, domin ya fi ni sanin 'yan takarar.

Allah ne Mafi sani.