Labarin Sojan Holan da Ya Koma Wajen Mutanen Indunusiya

An haifi Poncke Princen a birnin Hague na ƙasar Holan cikin shekarar 1925. Yana saurayi Jamus suka ci ƙasarsu. Ya ƙi mulkinsu, ya yi nufin ƙetarewa Ingila don ya yaƙe su, suka kama shi cikin 1943, ya sha ɗauri har ƙarshen yaƙi.

Bayan an kori Jamus, hukumar Holan ta ɗauke shi soja, ta aika da shi Indunusiya don murƙushe masu neman 'yancin kai. Can ya ga 'yan'uwansa suna yi wa talakawa irin zaluncin da Jamus suka yi musu jiya-jiya. Abin ya ƙi kwanta masa a rai. Cikin 1948 ya tsere, ya shiga rundunar 'yan ƙasa. Sojan Holan suka yi ta farautarsa, cikin 1949 suka kashe matarsa, shi Allah ya kuɓutar da shi.

Ya musulunta, ya sauke farali, ya shiga majalisar ƙasa cikin 1956. Amma fa bakinsa bai kamu ba in ya ga zalunci: Sukarno ya ɗaure shi, Suharto ma ya ɗaure shi. Da yawa cikin tsofaffin sojan Holan kuwa maci amana suke ce masa, har ya rasu a Jakarta cikin 2002.