Yadda Lif Ke Samar Da Wutar Lantarki a Dogayen Benaye

A bayan bangon lif ɗin dogon bene akwai wani ƙaton nauyi na ƙarfe da ke rataye a ɗaya ƙarshen igiyoyin da suka riƙe ɗakin lif ɗin. In ɗakin ya hau, shi sai ya sauka. Ana auna shi ya yi daidai da nauyin ɗakin, sannan a ƙara masa kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na abin da lif ɗin zai iya ɗauka.

Saboda haka ba kullum injin lif ke jan kaya ba. Idan lif ya cika da mutane yana saukowa, ko yana hawa babu kowa a ciki, ɓangaren da ya fi nauyi ne ke jan igiyar da kansa. Aikin injin a lokacin shi ne riƙe gudu, kuma injin lantarki da ake juyawa da ƙarfi daga waje yakan koma janareta. Haka birkin motocin lantarki ke cajin batirinsu.

A tsoffin lif, wutar da aka samu ana tura ta cikin wasu wayoyi ta ƙone ta zama zafi, sannan a kunna na'urar sanyaya ɗaki don kada ɗakin injin ya yi zafi. Asara biyu ke nan. Sabuwar na'urar kuwa tana gyara wutar ta dace da ta ginin, ta mayar da ita layi, fitilu da kwamfutoci su yi amfani da ita nan take.

Kamfanin Otis ya sanya irin wannan na'ura, mai suna ReGen, a lif ɗin ginin Empire State mai hawa 102 da ke New York, wanda aka buɗe a 1931. KONE da Schindler ma suna da nasu. Riba ta fi yawa a gini mai tsawo da yawan zirga-zirga. A bene mai hawa uku ba lallai ta biya kuɗinta da wuri ba.

A Legas da Abuja, inda benaye kan koma kan janaretan dizal idan aka ɗauke wuta, akwai matsala ɗaya: janareta ba ya son wuta ta dawo masa. In babu isassun kayan da za su sha wutar da lif ya mayar, janaretan na iya kashe kansa. Shi ya sa injiniyoyi kan bar tsoffin wayoyin ƙona wutar a matsayin kariya, ko su haɗa batir ya adana ta.