Rumfarmu ta cikin salula, wa ke riƙe da makullinta?

Ƴan'uwa mata, duk wadda ke buɗe WhatsApp da safe ta san abin da za mu faɗa. Kafin ki kai ga gaisuwar dangi kin riga kin wuce hoton man gyaɗa daga Maraɗi, alkaki daga Damagaram, cuku daga Tawa, turaren wuta da humra daga unguwannin Yamai. Sana'ar da a da sai an ɗora wa yarinya a faranti ta zaga gari, yau daga tsakar gida ake tallarta, ita kuma yarinyar tana lakkol. Saƙon murya, bokal ɗin nan, ya ɗauke wa wadda ba ta yi boko ba nauyin rubutu. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke son su ma su buɗe rumfarsu a salula.

Farawa ba wuya, amma akwai abin da ke ruɗa mutane. Hoton da kika sa a sitati awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba duk duniya ke ganin sa ba. Sai wanda kika ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taki. Ke nan aikin farko shi ne tara lambobi, a wurin biki da suna, a bakin masu saye na kullum, a hannun ɗiyar ƙauyenku da ta yi aure a birni. Duk wadda ta sayi kwalba guda, a ce mata: “Hajiya, ajiye lambar nan, ranar da muka matsa sabo za ki gani.” Mutum hamsin da suka taɓa ɗanɗana ƙuli-ƙulinku sun fi baƙi dubu.

Hoton kuwa a ɗauka da rana, a inuwa, kan tabarma mai tsabta. A faɗi kuɗin da awon ƙarara: lita ce, ko rabin lita, ko tiya. Wannan ɗabi'a ta “zo ta bayan fage in faɗa miki kuɗi” korar mai saye take, don mace mai kunya ba za ta tambaya ba, wucewa za ta yi. Kuma kada a ɗauko hoton kayan wasu a intanet. Ranar da kaya suka isa ba su yi kama da hoto ba, bokal guda ya isa ya zagaya dangi duka.

In ciniki ya fara kankama, akwai WhatsApp Business, kyauta ne, ana jera kaya da farashinsu a ciki. Akwai kuma hanyar aika saƙo guda ga mutum har 256 a lokaci ɗaya, amma shi ma waɗanda suka ajiye lambarku kaɗai yake isa. Facebook da TikTok suna kai hoto nesa, gaskiya ne. Sai dai mu a ganinmu kada a yi gaggawa. Masu kallo da masu danna alamar so ba su ne masu saye ba, kuma bidiyo shi ya fi komai shan mega.

To ga maganar mega. A ce ƙungiya tana sa forfe na dala ɗari (500F) kowane mako. A wata jikka biyu ke nan. In ribar litar man gyaɗa dala arba'in ce (200F), sai an sayar da lita 10 kafin a biya kuɗin mega kaɗai, ba a taɓa kuɗin caji ba, ba a taɓa kwalba da leda da kabu-kabun kai kaya tasha ba. Mace za ta ga saƙonni suna shigowa ta ce kasuwa ta buɗe, alhali rancen da ta ɗauka a asusu yana zirarewa ta salula. Kuɗin forfe a rubuta shi a littafi kamar yadda ake rubuta kuɗin gyaɗa da na niƙa. In wata uku suka wuce bai biya kansa ba, a zauna a sake shawara.

Amma abin da ya fi damun mu shi ne lambar kanta. Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, abin da ya riƙe shi bai wuce ƙa'ida ba: zubi a gaban kowa, ƙidaya a gaban kowa, akwati a hannun wata, makullai a hannun wasu. Ba mu taɓa yarda mace ɗaya ta riƙe akwati da makulli ba, ko da kuwa ita ce ta fi kowa tsoron Allah. To me ya sa in an zo kan salula muke sakin komai a hannu guda?

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Ɗan wata daga cikinmu, ko ƙaramar da ta fi kowa sanin waya, ita ake ba aikin, da layinta. Shekara ta zagayo, lambar ta tara masu saye a gari uku. Sai aure ya ɗauke ta zuwa wani gari, ko yaron ya tafi bida, ko a samu saɓani ranar rabo. Lamba ta tafi da mai ita, masu saye sun bi lamba. Ba ma sai an yi niyyar cuta ba. Layin da sunanta aka yanke shi, a wurin kamfani nata ne.

Saboda haka tun ranar farko a sayi layi na ƙungiya daban. Tunda da takardar shaidar mutum ɗaya ake yi masa rajista, taro ya zaɓi wadda za a yi da sunanta, a rubuta a littafi da shaidu cewa na ƙungiya ne. Lambobin masu saye a kwafe su a takarda, su kwana cikin akwati. Wadda ke amsa saƙo daban, ma'aji mai karɓar kuɗi daban, kuma duk ranar zubi a karanta odar da ta shigo da kuɗin da ya shigo. Ita mai riƙe da wayar a yanka mata ladanta a fili, don wahala ce, har tsakar dare ana kira. A riƙa sa kuɗi a layin kuma, don in ya daɗe a ajiye kamfani na iya rufe shi ya ba wani.

Macuta su ma sun shigo kasuwar. Wani zai turo hoton rasit ya ce ya aiko ta NITA ko Al Izza ko Amana, mota za ta tashi, a yi sauri. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Sai ma'aji ta karɓa a hannu, ko ta ga kuɗin a asusun da idonta, kafin kaya su bar gida. Wani kuma zai kira da ladabi ya ce wasu lambobi shida sun shigo wayarku bisa kuskure, a karanto masa. Waɗannan lambobin su ne makullin WhatsApp ɗinku. In kuka ba shi, ya ƙwace shafin, ya shiga roƙon kuɗi a wurin masu sayenku da sunanku. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin sa lambar sirri ta biyu. A sa ta, mutum biyu su san ta.

Sai aika kaya. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Damagaram kusan 900, a cikin zafi da girgizar hanya. Kwalbar mai a ɗaure bakinta da leda kafin a rufe, alkaki da ƙuli-ƙuli a kwali, ba a buhu ba. A yi magana tun kafin a ɗaure kaya: wa zai biya kuɗin mota, kuma in abu ya fashe a hanya, asarar ta wa ce? In an kai tasha a ɗauki hoton kwalin da takardar da aka ba ku, a tura wa mai kaya tare da lokacin da motar ta tashi.