Katangar Tsakani: Wa Ke Biyan Kuɗin Gyara Idan Ta Zube?

Kowace shekara, daga watan Agusta zuwa Satumba, sa'ad da marka ta zauna wa Kaduna har ƙasa ta ƙoshi ta daina shan ruwa, ba a rasa katangun da ke zubewa a Unguwar Shanu da Badarawa da Hayin Banki da Tudun Wada da sauran unguwannin da ke arewa da kogi. Kuma ga wanda ya san zaman unguwa, abin da ke biyo bayan zubewar ya fi zubewar kanta ciwo, domin kuwa mutane biyu da suka daɗe suna sahu ɗaya a masallaci, iyalansu suna shiga gidajen juna ba shamaki, sai a wayi gari ba sa ga maciji saboda kuɗin bulo da siminti da ladan magini. Asalin wannan husuma, a mafi yawan lokuta, wani zato ne da ya zauna a zukatan jama'a, cewa duk katangar da ta raba gida biyu ta mutum biyu ce, kuma duk wanda ya tayar da ita bayan ta faɗi yana da ikon ya bi maƙwabcinsa bashin rabin abin da ya kashe. Alhali kuwa shari'ar Musulunci ba ta faɗi haka kai tsaye ba, dokar boko ma ba ta faɗa ba. Kafin a kai ga maganar kuɗi, akwai tambayoyi biyu da alƙali zai fara yi: katangar ta wace ce, kuma me ya kayar da ita?

Tambayar farko tana da wuyar amsawa a Kaduna fiye da tsofaffin birane irin su Zariya da Katsina, saboda tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya tashi ne a matsayin garin baƙi, na ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa, inda gida yakan sauya hannu sau uku ko huɗu cikin zamani guda, waɗanda suka ga aza harsashinsa kuwa sun koma garuruwansu ko sun riga mu gidan gaskiya. Yadda aka saba yi a sababbin unguwanni shi ne, wanda ya fara zuwa ya kewaye filinsa ta fuska huɗu da kuɗinsa, a cikin iyakarsa. Wanda ya zo daga baya, da ya tarar an riga an tsare masa gefe ɗaya ko biyu, sai ya gina sauran ya haɗe. Wani yakan je ya yi sallama ya ba da wani abu a matsayin kuɗin katanga, wani kuwa ya yi shiru ya ci bulus. Bayan shekaru aka sayar da gidajen ta hannun dillalai, takardar ciniki ba ta ambaci katanga ko da kalma ɗaya ba, sabon mai gida ya shigo yana tsammanin yana da rabo a cikin abin da ba nasa ba, ko kuwa yana tsammanin shi kaɗai ke da abin da aka yi tarayya a kansa.

Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda alƙalanmu ke hukunci da littattafansu, sun daɗe da sanin wannan mas'ala, sun kuma ajiye mata hanya. Idan akwai shaidu ko takarda, zance ya ƙare. Idan babu, Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani da Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, duk sun tafi a kan cewa a duba ginin kansa, a hukunta katangar ga wanda ɗaurin gininta ya haɗu da nasa. Wannan abu ne da kowa zai iya gani da idonsa. Ka je kusurwa inda katangar tsakani ta gamu da bangon gidanka, ka kankare filasta kamar faɗin tafin hannu: in ka ga bulo ya shiga cikin bulo, layi bisa layi, ɗaya ya hau kan ɗaya, to tare aka gina su, hannu ɗaya kuma ya gina, in kuwa ka ga tsaga miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa wadda aka cike da siminti, to ba tare aka gina su ba, ɗaya aka jingina wa ɗaya daga baya. A Tunis ta ƙarni na 14 akwai wani magini mai suna Ibn al-Rami wanda alƙalai kan aika ya duba irin waɗannan alamomi, har ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gine-gine. Da masu unguwanninmu za su riƙa gayyatar tsohon magini amintacce kafin a fara musayar baƙaƙen maganganu, da rigingimu masu yawa ba su kai gaban alƙali ba.

To, idan ta tabbata katangar ta mutum ɗaya ce, hukuncin da ya biyo baya yakan ba mutane mamaki. In ta faɗi da kanta saboda ruwa ko tsufa, ko kuwa mai ita ya rushe ta don tsoron kada ta auka wa wani, ba a tilasta masa ya sake ginawa, ko da kuwa tsakar gidan maƙwabcinsa ta tonu. Abin da za a ce wa maƙwabcin shi ne, in kana son sutura, ka gina taka a cikin filinka. Haka nan mai katangar, in ya ga dama ya gina, ba shi da hujjar neman ko sisin kwabo daga maƙwabcinsa, tunda kayansa ya gyara. Amma in ya rushe ta da gangan ba da wani dalili ba sai don ya ƙuntata, ya bar matan maƙwabcinsa a fili, to alƙali zai sa shi ya mayar da ita shi kaɗai, domin ƙa'idar da aka gina wannan babi a kanta ita ce hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa wanda ya hana cuta da cutarwa. Akwai kuma wani nauyi da mutane ke sakaci da shi: katangar da ta karkata, aka yi wa mai ita gargaɗi a gaban shaidu, ya sami sararin gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa wa ɗan wani ko dabbarsa ko ɗakinsa, lamunin ɓarnar yana wuyansa.

Katangar tarayya, wato wadda aka haɗa kuɗi aka gina ko aka aza ta a kan layin iyaka da yardar juna, ita ce inda malamai suka yi saɓani. Sun haɗu a kan cewa wanda ya rushe ta ba da larura ba, shi zai gina. In kuwa larura ce ta kayar da ita, abin da ya dace shi ne su biyu su gina tare; sai dai idan ɗaya ya ƙi, wasu sun ce a tilasta masa ya gyara ko ya sayar da rabonsa, kamar yadda ake yi a dukiyar tarayya da ba ta rabuwa, Ibn Asim kuwa ya tafi a kan cewa ba tilas, a raba gurbin katangar a yi alama, kowa ya gina a nasa in yana so. Abin da ya kamata mai karatu ya ɗauka daga wannan saɓani a fili yake: wanda ya yi gaban kansa ya kira magini ya gama aiki, sa'an nan ya aika wa maƙwabcinsa lissafi, ya jefa kuɗinsa ne a cikin mas'alar da manyan malamai ba su yanke mata magana ɗaya ba, kuma yana iya fita kotu hannu rabbana.

Tambaya ta biyu, ta abin da ya kayar da katanga, ita ce a ganina ta fi kowace muhimmanci, ita ce kuma aka fi tsallakewa, saboda da an ce ruwa ne sai kowa ya ce ƙaddara. Ruwa dai na Allah ne, amma indararon da aka juya bakinsa yana kwarara a gindin katangar wani, mutum ne ya kafa shi. Haka nan ramin masai ko na ruwan wanka da aka haƙa dab da harsashi, da kwatar da aka toshe da shara har ruwa ya kwanta kwana da kwanaki, da mangwaro ko darbejiyar da saiwarta ta ratsa ƙarƙashin gini, da yashi ko ƙasar ciko da aka jibge a gefe ɗaya har ta tura katangar waje. Wanda aikinsa ya jawo faɗuwar, shi ke da nauyin gyara, ko da kuwa ba shi da ko bulo ɗaya a cikinta. Saboda haka kada a yi gaggawar kwashe ɓaraguzai; a kira mai unguwa da dattawa biyu su ga gefen da ta kwanta da inda ƙasa ta jiƙe, a ɗauki hoto da waya, sa'an nan a share.

Wasu haƙƙoƙi biyu na tafiya tare da wannan. Idan gyaran ba zai yiwu ba sai magini ya shiga gidan maƙwabci, shari'a na tilasta wa maƙwabcin ya ba da izini, gwargwadon buƙata, bayan an sanar da shi ya kintsa iyalinsa. Ɗora azara ko katakon rufi a kan katangar wani kuwa, hadisi ya kwaɗaitar da kada a hana, amma Malikiyya sun ɗauke shi mustahabbi, alƙali ba ya tilastawa; kuma wanda aka yi wa wannan alfarma kada ya ɗauka ya zama abokin tarayya.

Dokar boko da kotunanmu suka gada daga Ingila, asalin ƙa'idarta ita ce ba a wajabta wa mutum ya kewaye filinsa don amfanin maƙwabcinsa, ko ya biya wani kaso na katangar da wani ya gina, sai in akwai yarjejeniya a tsakaninsu. Amma tana kama shi idan sakacinsa ko abin da ya fito daga gidansa ya yi wa wani ɓarna. Wasu ƙasashe kuwa sun yi doka ta musamman. Kundin dokokin Faransa na 1804 yana ɗaukar katangar da ke tsakanin gidaje biyu a matsayin ta tarayya sai in an sami hujjar akasin haka, ya kuma raba kuɗin gyara gwargwadon haƙƙin kowa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar 2013 ta ɗora wa maƙwabta biyu kuɗin shinge daidai wa daida, amma da sharaɗin wanda zai yi aikin ya ba ɗan'uwansa sanarwa a rubuce kwana 30 kafin ya fara. Ko a inda doka ta ce a raba, ke nan, ba ta yarda a yi wa mutum ba-zata ba.

A bayan gari, wajen Rigachikun da ƙauyukan Igabi da lambunan fadamar kogin Kaduna, abin da ke tsakani danga ce ta kara ko shingen ƙaya, ko layin aduruku da bini-da-zugu, ko kuwa gamba kawai da aka bari ta nuna iyaka. A nan al'adar wuri ita ce abin dubawa na farko, kuma galibi wanda ke da abin karewa shi ke yin shinge: mai lambun rani ba ya bin mai gonar damina kuɗin ƙaya. Hukuncin da ya shafi dabbobi kuwa sananne ne tun daga ƙissar taguwar Bara'u ɗan Azibu wadda ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, ɓarnar dare kuwa tana kan masu dabbobi. Wannan bai zama izini ga makiyayi ya kora garke cikin shuka da rana tsaka ba, domin wanda ke tare da dabbarsa yana korawa ko yana ja, shi ke da lamunin abin da ta ɓata.

Babban haɗari a lokacin gyara shi ne matsar da iyaka. Magini yakan ce, "Alhaji, bari mu ɗan miƙe layin nan, tsohon ginin a karkace yake," sai a shiga filin wani da taƙi ɗaya ba a sani ba, ko an sani an kau da kai. Hadisai ingantattu sun yi tsananin gargaɗi a kan cin ko da taƙi guda na ƙasar wani, sun kuma la'anci mai sauya alamomin iyaka. Tumɓuke turken safiyo kuwa laifi ne a dokar ƙasa. Da zarar magana ta tashi daga kuɗin gyara ta koma kan mallakar ƙasa, ta yi nauyi, saboda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen cikin birni a hannun gwamna, ta kuma keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa, inda sai da lauya da safiyo, kuɗin shari'ar kuma ya ninka na katangar sau da yawa. Wanda ke da taswirar filinsa daga hukumar KADGIS ya fito da ita kafin a ja igiya. Wanda zai ƙara tsawon katanga ko ya sauya fasalinta ya tuntuɓi hukumar KASUPDA mai ba da izinin gini. Ɗan haya kuwa kada ya ɗauki alkawarin komai, ya isar da saƙo ga mai gida. Gidan gado kuma a nemi yardar magada, kada a tsaya ga wanda ke zaune a ciki shi kaɗai.

Idan an zauna an daidaita, a rubuta, ko da boko ko da ajami, a takarda biyu kowa ya riƙe tasa: katangar ta wane ce, tsawonta da inda layinta ya bi, nawa magini ya yanka, nawa kowa zai bayar da ranar da zai bayar, da kuma ko wanda ya taimaka da kuɗi ya zama abokin tarayya ne ko kuwa kyauta ya yi don zumunci. Mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu. In ɗayansu ba shi da hali a lokacin, ɗayan ya gina, a rubuta cewa bashi ne, a sa lokacin biya. Ranar da aka zo sayar da ɗaya daga cikin gidajen kuma, a haɗa wannan takarda da ta ciniki a miƙa wa mai saye.